Gwajin Tunjere: Me Ya Sa Kashi 98 Cikin 100 Bai Isa A Yi Murna Ba?

A shekarar 1906 wasu masana uku a Jamus, August von Wassermann da Albert Neisser da Carl Bruck, suka fitar da gwajin jini na farko na gano tunjere. Shekara ɗaya ke nan da Fritz Schaudinn da Erich Hoffmann suka hango ƙwayar cutar a madubin likita a birnin Berlin, wata siririyar bakteriya murɗaɗɗiya da ake kira Treponema pallidum. Dabarar su Wassermann ba ta da wuyar ganewa. Sun samo hantar jariran da tunjere ya kashe tun suna ciki, hanta ce maƙare da ƙwayar cutar, suka tatso ruwanta suka haɗa da jinin majinyaci. In jinin ya yi martani, sai su ce garkuwar jikin mutumin ta san ƙwayar, wato yana ɗauke da ita. Gwajin ya yi aiki, duniya ta karɓe shi hannu bibbiyu. Ba a jima ba wasu masu bincike, cikinsu har da Karl Landsteiner, suka gano cewa ko naman lafiyayyar dabba aka tatso, wadda ba ta taɓa haɗuwa da tunjere ba, amsar da za a samu ɗaya ce. Ashe ba ƙwayar cutar jinin yake kamawa ba. Sai a 1941 Mary Pangborn, a ɗakin binciken ma'aikatar lafiya ta jihar New York, ta ware ainihin sinadarin daga zuciyar sa. Wani maiƙo ne, ta raɗa masa suna kadiyolifin.

Wannan maiƙo da aka tsinta bisa kuskure shi ne antijin ɗin gwajin, wato abin da jinin majinyaci ke yi wa martani, kuma har yau ba a samu wanda ya ture shi daga kujerarsa ba. Shi ne a cikin gwajin VDRL da ya fito a 1946, shi ne a cikin RPR da ya biyo baya a 1957, waɗanda ake rubuta wa mai juna biyu a wajen awo da wanda ya zo ba da jini. Kusan kowace shekara ana wallafa labarin sabon antijin da alƙaluma masu ƙayatarwa, wannan kashi 95, wancan 98, wani ma 100 cikin 100. Amma duk ranar da likita ya so sanin ko allurar da ya yi wa majinyaci ta yi aiki, wajen maiƙon zuciyar sa zai koma.

Me ya hana a nemi ƙwayar kai tsaye?

Gwajin jini na tunjere ba ya ganin ƙwayar cutar. Antibodi yake nema, wato makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa idan baƙon abu ya shigo. Kowane antibodi yana da gurbin da yake manne wa a jikin baƙon, wannan gurbin shi ake kira antijin. Mai haɗa gwaji yakan shafa antijin a kan faranti ko 'yar takarda, ya zuba jinin mutum, ya duba ko wani abu zai manne. Kamar koto ne a bakin ƙugiya. Ka sa wanda kifin da kake nema ba ya ci, ka dawo hannu rabbana. Ka sa wanda kifi da kwaɗo duk suke ci, ka cika kwando da abin da ba shi ka fito nema ba.

Dole ce ta sa aka bi ta wannan zagayen. Ƙwayar tunjere ba ta tsira a faranti yadda sauran bakteriya ke yi. Fiye da shekara 100 masu bincike suna raya ta a marainan zomaye, daga wannan zomo zuwa wancan. Irin da aka fi aiki da shi, wanda ake kira Nichols, a 1912 aka ciro shi daga ruwan lakar wani majinyaci a birnin Washington, kuma zomaye ne suka riƙe shi har zuwa zamaninmu. Sai a 2018 Diane Edmondson da Steven Norris na Jami'ar Texas a Houston suka iya raya ƙwayar na dogon lokaci a ɗakin gwaji, tare da ƙwayoyin halittar zomo da iskar oksijin 'yar kaɗan, kashi 1.5 cikin 100. Ko a jikin zomo ma sai ta yi awa 30 ko fiye kafin ta rabu biyu, alhali bakteriyar E. coli minti 20 ya ishe ta. Wannan aikin masu bincike ne, ba na asibiti ba.

Akwai madubin likita na musamman, akwai kuma gwajin PCR mai neman guntun kundin halittar ƙwayar kanta, amma duka biyun sun fi amfani idan akwai gyambon da za a shafo. Gyambon farko na tunjere kuwa ba ya zafi, sau da yawa a ɓoye yake fitowa, kuma yakan warke da kansa cikin mako 3 zuwa 6. Ƙurajen mataki na biyu, masu fesowa har a tafin hannu da tafin ƙafa, su ma sukan baje. Daga nan cutar ta lafe shekara da shekaru ba alama. Jini kaɗai ya rage. Kuma al'amarin ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 8 masu shekara 15 zuwa 49 suka kamu, an kuma samu tunjeren uwa zuwa ɗa kimanin 700,000, wanda a ciki kusan 150,000 ɓari ne ko haihuwar ɗa babu rai.

Gida biyu na gwaji

Gidan farko shi ne na kadiyolifin, wato VDRL da RPR. Idan ƙwayar tana ɓarna a jiki, maiƙon da ke fita daga ƙwayoyin halittar da suka lalace, da na ita kanta ƙwayar cutar, yakan sa jiki ya ƙera antibodi. Ana auna yawansu ta hanyar sirka ruwan jinin kashi-kashi: 1:2, 1:4, 1:8, har a kai inda martanin ya ɓace. Alfanunsa shi ne yana hawa idan cuta na ci, yana sauka idan an yi magani. Saukar ninki huɗu cikin wata 6 zuwa 12, misali daga 1:32 zuwa 1:8, ita ce shaidar da likitoci ke karɓa cewa magani ya yi. Aibinsa kuma shi ne tunjere ba shi kaɗai ke lalata ƙwayoyin halitta ba. Zazzaɓin cizon sauro, kuturta, ciwon hanta, ƙanjamau, cutar lufus, tsufa, har juna biyu kansa, duk suna iya sa gwajin ya nuna akwai alhali babu.

Gida na biyu shi ne wanda antijin ɗinsa daga jikin ƙwayar yake. Ya faro da gwajin Nelson da Mayer na 1949, inda ake zuba ruwan jini a kan rayayyun ƙwayoyi a ga ko za su daina motsi, sai FTA-ABS a 1964, sai TPHA da ƙanensa TPPA. Duk waɗannan da ƙwayar da aka tatso daga zomo ake haɗa su. Daga shekarun 1980 aka fara ɗaukar umarnin ƙera furotin ɗaya tak daga kundin halittar ƙwayar a dasa wa E. coli, ita kuma ta yi ta ƙera shi da yawa. Ta haka aka samu furotin huɗu da kusan duk gwajin zamani ya dogara da su, ɗaya ko biyu ko uku a haɗe: TpN15, TpN17, TpN47 da TmpA. Abin lura game da huɗun nan shi ne ba a bayan ƙwayar suke ba, a ƙarƙashin fatarta ta waje suke. Ita fatar kusan tsirara take, furotin ɗin da ke kanta bai kai kashi ɗaya cikin 100 na abin da ke jikin E. coli ba, shi ya sa garkuwar jiki ke wahalar kama ta da rai. Sai ƙwayar ta mutu ta fashe sannan jiki ya ga kayan cikinta, ya yi musu martani mai ƙarfi. Martanin ba ya kashe cutar, amma yana da sauƙin aunawa. Matsalarsa ɗaya: ba ya gushewa. Mafi yawan waɗanda suka taɓa kamuwa za su ci gaba da nuna akwai har ƙarshen rayuwarsu ko da sun warke sarai. Ƙalilan ne kawai, kashi 15 zuwa 25 na waɗanda aka yi wa magani tun a matakin farko, ke komawa babu bayan shekara 2 ko 3.

To ga inda aka tsaya. Gida ɗaya yana bin tafiyar cutar amma yana ɗora wa marasa laifi laifi. Ɗaya gidan ba kasafai yake ƙage ba, amma bai san bambancin jiya da yau ba.

Yadda ake zaƙulo ɗan takara

A 1998 Claire Fraser da abokan aikinta suka karanta kundin halittar ƙwayar gaba ɗaya: harufa kusan miliyan 1.14, da furotin 1,000 da 'yan kai. Nan take kowane furotin ya zama ɗan takara. A 2006 wata tawaga a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston ta ƙera 908 daga ciki, ta gwada su da jinin masu tunjere, guda 34 suka yi martani. Wannan tankaɗen farko ne kawai, kuma yana da rami. Furotin ɗin da E. coli ta ƙera ba lallai ya naɗe da siffar da yake da ita a jikin ƙwayar asali ba, musamman na fatar waje da ke dunƙulewa idan an raba su da maiƙo. Antibodi kuwa siffa yake ganewa. Saboda haka rashin martani ba hujja ba ce cewa furotin ba shi da amfani. A ɗaya gefen kuma, in ba a tace shi da kyau ba, guntattakin E. coli za su biyo shi, kuma kusan kowane ɗan Adam yana da antibodi na E. coli tun da a hanjinsa take zaune.

Wanda ya tsallake wannan sai a auna shi da ma'auni biyu. Ƙarfin kamawa: cikin masu cutar 100, nawa ya gano? Ƙarfin wankewa: cikin marasa cutar 100, nawa ya ce ba su da ita? A 2003 tawagar Wesley Van Voorhis ta Jami'ar Washington a Seattle ta gwada furotin shida, uku suka yi fice. Tp0453 ya samu 100 a kamawa da 100 a wankewa, Tp92 ya samu 98 da 97, Gpd ya samu 91 da 93. Alƙaluma ne masu daɗin karantawa, amma a duba jinin mutum nawa aka zuba: masu tunjere 43, marasa shi 40, waɗanda 15 ne kawai a cikinsu lafiyayyu, sauran masu wasu cututtuka ne 'yan uwan tunjere. A lissafin ƙididdiga, wanda ya kama 43 cikin 43 bai tabbatar da cewa ba ya kuskure ba. Iyakar abin da ya nuna shi ne da wuya kuskurensa ya wuce mutum 7 cikin 100. Tsakanin sifili da bakwai kuwa akwai tazara, in ana maganar mata miliyoyi masu zuwa awo.

Bayan shekara 10, a 2013, tawagar Caroline Cameron ta Jami'ar Victoria a Kanada ta sake gwada biyu daga ciki da jinin masu tunjere 169. Tp0453 ya riƙe mutuncinsa, 98 a kamawa. Tp92, wanda kuma ake kira Tp0326, ya sauko daga 98 zuwa 86. Gaskiya ne yadda aka haɗa furotin ɗin ya bambanta a karo na biyu, amma irin wannan saukowa ita ce al'adar 'yan takara: gwajin farko yakan yi musu kwalliya, na biyu ya wanke ta.

Jinin wa aka zuba?

A ganina wannan tambayar ta fi kowane kaso nauyi, kuma ita ce mai karanta rahoto ya kamata ya fara yi.

A mataki na biyu na tunjere, lokacin ƙuraje, jini cike yake da antibodi, kusan kowane gwaji yana kama kowa. Mai bincike da ya cika firij ɗinsa da jinin wannan mataki, ko wane furotin ya ɗauko zai fito zakara. Jarrabawar gaskiya tana makonnin farko, lokacin da gyambo ya fito amma garkuwar jiki ba ta gama farkawa ba. A nan VDRL da RPR sukan kuskure mutum 2 ko 3 cikin 10. Rahoton da bai rarraba sakamakonsa mataki-mataki ba, bai faɗi jinin matakin farko nawa ne a ciki ba, ya ɓoye abin da aka fi buƙatar sani.

Sai matsalar alƙali. Da me aka tabbatar cewa jinin nan na mai tunjere ne? Galibi da TPPA da RPR, wato tsofaffin gwaje-gwajen da ake son a zarce. Ka ga ke nan sabon antijin ba zai taɓa fin su maki ba. In ma ya gano cutar kwana biyar kafin su, a takarda za a rubuta masa kuskure, a ce ya yi wa lafiyayye ƙage. Mafita ita ce a samo jinin waɗanda PCR ko madubi ya tabbatar da ƙwayar a gyambonsu, ko da tsohon gwaji bai nuna ba tukuna. Irin wannan jini yana da wuyar tarawa, shi ya sa ya yi ƙaranci a rahotanni.

Akwai kuma layin yanka. Na'ura lamba take bayarwa, mutum ne ke yanke cewa daga nan zuwa sama akwai, daga nan zuwa ƙasa babu. In aka ja layin bayan an ga sakamako, a kan jinin da za a ba da maki da shi, to ɗalibi ne ya rubuta wa kansa jarrabawa. Ƙa'ida ita ce a tsayar da layi da rukuni ɗaya, a gwada shi a kan wani sabon rukuni, mai gwajin kuma bai san wane jini ne na wa ba.

Ga wani lissafi na misali da kowa zai iya yi a takarda. A ce mata 10,000 sun zo awo, ɗaya cikin 100 ke da cutar, wato 100. Gwajin da ke da 98 a kamawa da 98 a wankewa zai gano 98 daga cikinsu. Amma cikin lafiyayyu 9,900 zai yi wa 198 ƙage. Cikin mata 296 da za a ce suna da tunjere, biyu bisa uku ba su da shi. Gwajin bai canja ba, taron da aka kai shi ne ya canja. An ga haka a aikace a Amurka. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta wallafa a 2011 cewa cikin jini 140,176 da ɗakunan gwaji biyar suka tace da sababbin na'urori masu antijin ɗin ƙwayar, 4,834 suka nuna akwai. Fiye da rabinsu, 2,743, RPR bai nuna komai ba, kuma a cikin waɗannan 866 gwaji na uku ma ya ce babu. Wannan saɓani ya fi yawa a inda cutar ba ta da yawa.

'Yan uwan ƙwayar

Rukunin marasa cutar da ake gwada ɗan takara da shi bai kamata ya zama na ɗaliban jami'a masu ƙoshin lafiya kawai ba. Ƙwayar tunjere tana da dangi masu kama da ita. Wasu suna zaune a bakin mutane, irin su Treponema denticola mai hannu a ciwon dasashi. Akwai Borrelia, mai kawo cutar Laim a Turai da Amurka, da zazzaɓi mai tafiya ya dawo wanda kaska ke yaɗawa a yankin Sahel, ƙwarƙwata kuma a Habasha da Sudan. Akwai Leptospira da ake ɗauka daga fitsarin ɓera. Furotin ɗin zaren da waɗannan ƙwayoyi ke juyi da shi kusan iri ɗaya ne a dukkansu, shi ya sa yake yawan jawo ƙage duk da ƙarfin martaninsa. Sannan jinin wanda ya tashi yana fama da maleriya duk damina ba ɗaya yake da na mutumin Seattle ba, domin yawan kamuwa yakan sa jiki ya tara antibodi barkatai masu manne wa abin da ba nasu ba. Antijin ɗin da ya samu 99 a Kanada sai an sake auna shi a Kano ko Maraɗi kafin a san makinsa a nan.

Mafi wuyar sha'ani su ne 'yan ɗaki ɗaya. Cutar fata da likitoci ke kira yos, wadda har yau ake samu a ƙauyukan Gana da Kamaru da Kwaddibuwa, da kuma bejal, da aka sani a busassun yankunan Nijar da Mali da Burkina Faso, ƙwayoyinsu da ta tunjere jinsi ɗaya ne. Kundin halittar ta yos ya yi daidai da na ta tunjere da kusan kashi 99.8. Ba ta saduwa ake ɗaukar su ba. Yara ne ke shafa wa juna wajen wasa, bejal kuma har ta ƙwaryar shan ruwa. Babu gwajin jini ko ɗaya a kasuwa da ke raba su da tunjere. Yarinyar da ta yi yos tana shekara bakwai za ta iya zuwa awon cikin fari a ce mata gwaji ya nuna, alhali ba ta san kowane namiji ba sai mijinta. Wanda ya san yadda irin wannan magana ke tashi a gidan aure ya san ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan wuraren da kundin halittar ya bambanta an san su, PCR yana amfani da su, amma mai da su antijin ɗin da zai raba jini biyu bai kai ga asibiti ba.

Ita kanta ƙwayar tunjere zuriya biyu ce, ta Nichols da ta SS14. Kusan duk antijin ɗin da ke kasuwa daga Nichols aka kwafo shi, alhali SS14 ce ta fi yawo a mafi yawan ƙasashen da aka bincika. Ga tsofaffin huɗun nan wannan bai zama damuwa ba, tun da ba sa canjawa sosai. Amma 'yan takarar da ke fatar waje suna sauya kama, domin su ne garkuwar jiki ke fafara. TprK ya fi kowa: yana da gurbi bakwai da yake canjawa ko a jikin mutum ɗaya, don haka bai dace da gwaji ba sam.

Gurbin da ba a cike ba

Gano cewa mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, an riga an gama wannan aikin. TpN17 da TpN47 suna yin sa yadda ya kamata. Sabon furotin da ya zo ya yi daidai da su bai ƙara wa majinyaci komai ba, in ban da ya fi araha ko ya fi jure zafi. Duk da haka a nan aka fi zuba ƙarfi, don shi ne binciken da ya fi sauƙi: firij, jini 200, wata uku, takarda ta fito. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ake jira shi ne antijin daga jikin ƙwayar wanda antibodinsa ke sauka idan an warke. RPR yana wannan aikin amma da ɗingishi. Da ido ake karanta shi, ma'aikata biyu kan iya saɓawa da mataki ɗaya a kan jini guda. Yana buƙatar a ware ruwan jini, da injin juyawa, da firij. In antibodi ya yi yawa ƙwarai yakan toshe martanin ya nuna babu, sai an sirka jinin gaskiya ta fito. Kuma wasu majinyata, kusan ɗaya cikin biyar ko shida, nasu ba ya sauka yadda ake so ko bayan cikakken magani, likita ya rasa ko cuta ce ta rage, ko sabon kamu ne, ko jikin ne kawai bai daina ƙerawa ba.

Auna ɗan takara a wannan fage ba a yin sa da jinin rana ɗaya. Sai an ɗebi jinin mutum kafin allura, a sake bayan wata 3, da 6, da 12, a ga ko layin yana gangarowa, a kuma ga ko yana sake hawa idan mutumin ya sake kamuwa. Masu bincike a Jami'ar Kudancin Sin da ke Hengyang sun bi wata dabara mai ma'ana: suka yi wa wasu zomaye allurar rayayyar ƙwaya, wasu kuma matacciya, suka nemi furotin ɗin da rukunin farko kaɗai ke yi wa martani, bisa tunanin cewa ƙwaya mai rai ce kawai ke ƙera shi da yawa a cikin jiki. Tp0971 yana cikin waɗanda suka fito ta wannan hanya. Tunanin ya yi kyau, sauran a gan shi a jinin mutane da yawa daga ƙasashe daban-daban.

Jariri kuma nasa daban ne. Antibodi nau'in IgG na uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗa, yana iya zama har wata 15 zuwa 18, don haka gwajin jariri sau da yawa labarin uwarsa yake bayarwa. IgM ba ya ratsawa, in an same shi to na jaririn ne, sai dai gwaje-gwajensa sukan kuskure jariran da suka kamu ba su nuna alama ba. Cibiyar Burnet ta Melbourne a Ostireliya ta gwada bin nau'in IgA don raba cuta mai ci da tsohuwa. Wannan ya nuna cewa wani lokaci ba antijin ne ke buƙatar canji ba, nau'in antibodin da ake saurara ne.

Daga faranti zuwa ɗakin awo

Furotin da ya yi kyau a farantin ɗakin bincike sai ya sake zama jarrabawa a kan 'yar takardar gwajin gaggawa, da ɗigon jini daga yatsa maimakon tataccen ruwan jini, a hannun ungozoma mai layin mata 60 a gabanta, a cikin kwalin da ya kwana a shago a zafin Afrilu. An sha ganin ƙarfin kamawa ya ragu idan aka koma jinin yatsa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gwajin farko mai duba ƙanjamau da tunjere a ɗigo ɗaya, SD Bioline Duo, a 2019 ta ba da shawarar a fara da irinsa a wajen awo, a 2021 kuma aka samu wanda farashinsa ya sauko ƙasa da dala ɗaya. Najeriya na cikin ƙasashen da suka ɗauke shi. Akwai kuma DPP na kamfanin Chembio mai layi biyu, ɗaya na kowane gida, wanda ya fi dacewa da RPR idan ma'aunin ya kai 1:16 ko sama, ya kuma raunana a ƙasa da haka.

Gwajin haɗe da ƙanjamau na gida na biyu ne, wato bai san tsohuwar cuta da sabuwa ba. Duk da haka shawarar hukumar ita ce, inda babu halin tabbatarwa, mai ciki da gwajinta ya nuna a yi mata allurar fenisilin nau'in benzatin, yunit miliyan 2.4, a ranar. Ina ganin wannan daidai ne. Allurar da ba a buƙata ba ta kai asarar ɗa ba, kuma matar da aka ce ta dawo jibi karɓar sakamako ba lallai ta dawo ba. Amma abin yana da farashi. Ita allurar ba kullum ake samunta ba: wani bincike na 2014 zuwa 2016 ya samu ƙarancinta a ƙasashe da yankuna 39 cikin 95 da suka ba da amsa. Kuma macen da aka yi wa magani a cikin fari, gwajin zai sake nunawa a ciki na biyu da na biyar da na bakwai, kowane karo da allurarsa da tambayoyinsa a gida. A yanzu abin da ke raba tsohon kamu da sabo a irin wannan asibiti shi ne rubutu: ranar da aka yi mata allura, guda nawa, ko an yi wa mijin, da ma'aunin RPR na lokacin in an samu yi. In katin awon ya ɓata, ungozoma ba ta da zaɓi sai ta sake farawa daga farko.